'Yata ta ce ba za ta taɓa zama gimbiya ba, wai saboda ita baƙa ce

Wannan saƙon cikin dare ya shigo min, yana da tsawo sosai amma ga gundarin abinda 'yar uwar tamu ta rubuto:

"Assalamu alaikum Anti. Ina da 'ya 'yar shekara shida, katun ɗin gimbiyoyin Turawan nan ya shiga ranta ba kaɗan ba, jakar makaranta sai mai hoton Elsa, gorar ruwa haka, waƙar ma ta haddace duk da ba jin turancin take ba. Da ban damu ba. Shekaranjiya ina mata kitso kawai sai naji tana kuka, na ɗauka zafi ne, sai ce min tayi wai ita ba za ta taɓa zama gimbiya ba tunda baƙa ce kuma gashinta baya sauka baya, har tana tambayata ko in ta girma zan siya mata man da zata yi fari. Wallahi jikina ya mutu. Babanta yace daga yau an daina kallon katun a gidan, dama can baya so saboda shigarsu da tsafe-tsafen ciki. Ita kuma tunda aka hana ko abincin kirki bata ci. Dan Allah ya zanyi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya saida na ajiye wayar na ɗan jima kafin na iya amsa miki, saboda na hango wajen, kina zaune kan kujera 'yar tsuguno ita tana ƙasa tsakanin ƙafafunki, kibiya a hannunki, man kitso a bayan hannu, kina tsaga kina ja, ita kuma abinda ke cin ranta daban da abinda kike zato. Yarinyar da ta iya buɗe baki ta faɗa miki wannan maganar ta yarda dake ne, ki fara gode wa Allah akan haka, da yawa basa faɗa sai dai a gansu sun kai sha biyar suna ɓoye kwalbar mai a ƙasan akwati.

Zan faɗa miki abinda na gani tun yanzu kafin nayi nisa, kuma kiyi haƙuri in ya miki ɗaci. Katun yana da laifinsa kuma zan lissafo miki, amma maganar mai ba a katun ta jita ba. Babu gimbiyar da ta taɓa shafa man bilicin a fim. Wannan a gida ta gani, ko a maƙota, ko gidan biki, ko bakin wata gwaggo da ta ɗaga jaririya tace kai masha Allah wannan fara ce tas ta ɗebo kyau. Katun ɗin ya zo ne ya tarar da ƙasa a jiƙe ya shuka.

Bari mu fara da su fina-finan tunda su ake tuhuma. Kamfanin Disney na Amurka shine uban tafiyar, kuma dogon katun ɗinsu na farko a 1937 labarin gimbiya ne wadda sunanta ma kansa yana nufin fara kamar ƙanƙara, matar ubanta tana tsayawa gaban madubi tana tambayar wa yafi kowa kyau, kinga tun daga tushe kyau ne ya haɗa rigimar kuma kyau ne ya cece ta. Sai Sindarela a 1950, sai na gimbiyar nan mai dogon bacci a 1959 wadda fim ɗin nata ne amma duka-duka fitowarta bata cika minti 20 ba, sauran ana ta fama ne akanta tana kwance. Labaran ma ba Disney suka ƙirƙira ba, tatsuniyoyin Turai ne da wasu suka rubuta tun da daɗewa, na Sindarela wani Bafaranshe ya buga shi a 1697, wasu kuma 'yan uwa biyu Jamusawa suka tattara a 1812. A waɗannan na farkon yarinyar kirki ita ce mai shara da wanke-wanke tana murmushi, bata musu, bata neman mafita da kanta, tana jira ɗan sarki ya zo ya ganta ya ɗauke. Mace kuwa in tana da iko ko ta tsufa ko bata da kyau to ita ce muguwar. Daga 1989 aka ɗan canza, 'yan matan suka fara buri da tsiwa, amma ki duba gimbiyar nan mai jelar kifi da ke zaune cikin ruwa, shekararta 16 ta bada muryarta aka bata ƙafafu don ta bi saurayin da ko magana basu taɓa yi ba. Wannan kam ni ma bana son yarinya ta haɗiye shi ba tare da wani babba a gefe ba.

Na baya-bayan nan sun fi dama-dama kuma adalci ne a faɗa. Mulan ta 1998 yaƙi ta tafi a madadin mahaifinta da ya tsufa. Mowana ta 2016 babu ma saurayi a labarin gaba ɗaya, teku ta shiga don ceto mutanen tsibirinsu. Shi kansa wanda 'yarki ta fi so na 2013, wato na Elsa, ƙanwarta ce ta amince da auren wani ɗan sarki a ranar da suka haɗu, yayar ta hana, ƙarshe ya tabbata macuci ne sarauta yake nema, kuma abinda ya warware matsalar ƙaunar da ke tsakanin ya da ƙanwa ce. Wallahi wannan darasi ne da uwa zata so 'yarta ta ji. Amma duk da canjin hali, jikin bai canza sosai ba, ƙugu kamar a kama da hannu ɗaya, ido dara-dara, hanci ɗan ƙarami, gashi yana zuba har gadon baya. Sannan daga 1937 saida aka shekara 72 kafin su yi gimbiya baƙar fata, Tiyana a 2009, yarinya mai aiki biyu tana tara kuɗin buɗe gidan abinci, ita ɗin ma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. Toh yarinya 'yar shekara shida bata san tarihi ba amma ta iya ƙirga, ta jera su a bayan jakarta ta duba bata ga mai kama da ita ba.

Ita kanta jakar ba haka kawai ta zo ba. Wajen shekarar 2000 wani babban jami'in kamfanin mai suna Andy Mooney yaje kallon wani wasan su, yaga ƙananan yara mata sun cika wajen da rigunan gimbiya da iyayensu suka ɗinka musu a gida, sai yace ashe ga kasuwa muna zaune, daga nan aka haɗa gimbiyoyin wuri ɗaya aka maida su haja, riga, takalmi, burushi, zanin gado, kek ɗin bazday. Shi yasa ko kin kashe talabijin ɗin zaki shiga kasuwa siyan kayan komawa makaranta ki tarar da su suna kallonki a kowane shago.

Amma me yasa yara ke mutuwar son su haka? Nan ne nake so ki daɗe kina tunani domin in baki gane abinda take samu a ciki ba, ba zaki san me zaki bata a madadinsa ba.

Yaro daga shekara uku zuwa shida lokacin ne yake gane cewa ni mace ce ko ni namiji ne, kuma yana kama abin da ƙarfi, duk alamar da tafi fitowa fili ita yake runguma, doguwar riga mai baza, kambu, ƙyalƙyali. Ke ma ki tuna, mu da bamu ga Disney ba ai munyi bikin 'yar tsana, mun haɗa mata kayan ɗaki da gwangwanin madara da murfin kwalba, mun saci janbakin Umma da takalminta mai tsini muna ƙwas-ƙwas a tsakar gida, mun bi amarya da kallo baki buɗe ranar kamu. Abu ɗaya ne. Sai waƙa, yaro yana son abinda zai maimaita har ya mallake shi, shi yasa zata kalli fim ɗaya sau talatin bata gaji ba, ta san inda abin tsoro yake ta san kuma zai wuce, wannan sanin yana kwantar mata da hankali. Amma babban dalilin a ganina shine wannan: yaro ƙarami kullum a ƙarƙashin umarni yake, tashi, zauna, kawo, bari, yi shiru manya na magana. Sai ga labarin wata da aka raina, aka bari a madafa cikin toka, rana ɗaya kowa ya juyo yana kallonta an gane ashe ita ce. Wace yarinya ce ba zata so haka ba? Ita kuma Elsa abinda ya ɗaga ta sama da sauran a wajen yara shine iko, ta ɗaga hannu kawai fada ta tashi, ba mai ce mata zauna. In kin lura da yadda suke kwaikwayonta ai ba ɗan sarki suke nema ba, hannu suke watsawa suna buga ƙafa a ƙasa.

Kuma kar mu ɗora wa Turawa duka. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka mana a tsakar gida bayan isha ai cike suke da 'yar bora da 'yar mowa, marainiyar da kishiyar uwa ta aika wanki ruwa mai nisa, ta bi hanya da ladabi ta taimaki tsohuwa, ta dawo da dukiya ɗan sarki ya aure ta, ita kuma 'yar gatan ta je da rashin kunya ta dawo da kutare da makafi. Ƙashin labarin ɗaya ne. Bambancin da nake gani mai girma shine a tatsuniya babu hoto, in kaka tace yarinya kyakkyawa son kowa ƙin wanda ya rasa, kowacce a cikinmu kanta take gani, baƙa da fara da wankan tarwaɗa. Katun kuwa ya riga ya zana miki fuskar ya gama, ba wurin da zaki saka taki.

Wani abu a gefe tunda ya zo, in gidanku akwai abokiyar zama ko yarinyar tana zuwa inda matar uba take, ki kula da wannan ɓangaren ma, domin daga namu har nasu labaran matar uba kullum muguwa ce, kuma na san gidaje da yawa da matar uba ce ta riƙe yara tsakani da Allah.

An yi bincike akan abin nan kuma sakamakon bai kai yadda ake tsoro ba. Wata malama Sarah Coyne a jami'ar Brigham Young ta Amurka ta bibiyi yara 198 'yan nazire, a 2016 ta fitar da cewa waɗanda suka fi mu'amala da kayan gimbiyoyi sun fi manne wa abinda ake cewa na mata ne kawai bayan shekara ɗaya. Da ta sake komawa kan yaran sun fara tasawa, a 2021 sai ta samu da yawansu sun fi yarda cewa mace ma zata iya abinda namiji zai iya. Yaran Amurka ne ba namu ba, amma dai ya nuna kallon kaɗai baya yanke wa yarinya ƙaddara. Wanda yafi taɓa ni shine wani tsohon gwaji na shekarun 1940 da wasu masana biyu baƙaƙen fata mata da miji, Kenneth da Mamie Clark suka yi, suka ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa suka ce wacce tafi kyau, wacce kuke so, mafi yawa suka nuna farar. Lokacin talabijin bai ma shiga yawancin gidaje ba. Daga bakin mutane da yadda ake mu'amala da su suka koya.

Shi yasa nake cewa ki fara da gida. Ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki tsakani da Allah, me ke kan madubinki? In akwai mai ko sabulun haɗi da kike shafawa don ki ƙara haske, ta gani, yara basa barin komai ya wuce su, kuma duk abinda zaki faɗa mata da baki wannan kwalbar zata ƙaryata ki. Wa ake ce wa kyakkyawa a danginku in an taru? Akwai mai kiranta baƙa ko 'yar baƙa ko duna da sunan wasa? Ni na taso da wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ake mata irin wannan wasan, kowa na dariya ita ma tana dariya, ranar wata sallah an mana lalle tare na ganta a bayan ɗaki tana goge hannunta da dutsen goge kaushi wai lallen bai fito mata ba kamar nawa, har fatar ta yi ja tana neman fashewa. Muna 'yan shekara takwas lokacin. Har yau in na tuna sai naji wani abu ya tokare min wuya, domin babu wanda ya yi da mugunta a cikin masu tsokanar, kuma babu wanda ya hana. Ke ki hana. Ko wacece, ko yayar babanta ce, cikin ladabi kice Yaya dan Allah a daina kiranta haka, kuma ki faɗa a gaban yarinyar taji uwarta ta tsaya mata.

Maganar Abban nata kuwa, kar ki ɗauke ta da wasa kuma kar kiyi jayayya dashi a gabanta. Yana da gaskiya a abubuwa da dama, akwai shigar da bata dace da tarbiyyarmu ba, akwai sumbata, akwai bokaye da siddabaru, kuma haƙƙinsa ne ya damu da abinda ke shiga kan 'yarsa. Inda nake ganin hanin gaba ɗaya zai bada matsala shine lokacin da ya zo. Yarinya ta buɗe cikinta ta faɗi abinda ke damunta, washegari aka ƙwace abinda tafi so, a lissafinta na yara hukunci aka mata saboda ta yi magana, gobe in wani abu ya fi wannan girma ya same ta shiru zata yi. Kuma zata ci gaba da gani a gidan maƙota da wayar ƙawaye, sai dai yanzu babu ke a kusa. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki faɗa masa haka, ki kawo masa tsari, ku ne zaku zaɓi wanda za a kalla, ke ki fara kalla tukunna, wanda bai muku ba a ajiye shi, a sa rana kamar asabar ko lahadi bayan an dawo islamiyya, a falo ba a ɗaki ba. Abinda zan ce ku hana kai tsaye ba sassauci shine miƙa mata waya ta shiga YouTube ita kaɗai, domin akwai masu ɗaukar hoton waɗannan gimbiyoyin su haɗa bidiyon banza da na tashin hankali da su, an yi ta surutu akai tun 2017, daga waje kamar na yara ne.

In kun zauna kallon kar ki maida shi wa'azi, zata gaji ta daina saurare. Tambaya kawai, jefi-jefi. Ke da kece da zaki bada muryarki? Me yasa yayarta ta hana ta auren nan? Wace ce tafi jarumta a cikinsu? Zaki sha mamakin amsoshin, kuma a nan zaki san me take ɗauka me take bari. In aka zo wajen tsafi kice mata wannan zane ne, mutum baya iya haka, Allah kaɗai ke da iko, ki wuce.

Sannan tunda gimbiya take so, ai gidan sarauta ba a Turai kaɗai yake ba. Kalmar ma tamu ce, muna da gimbiyoyi da ransu a Kano da Zazzau da Katsina da Damagaram kuma kalar fatarta gare su. Ki bata labarin Sarauniya Amina ta Zazzau da ta jagoranci mayaƙa har ake danganta ganuwar garuruwa da sunanta, ki bata na Daurama, ki bata na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata jajis suna bi ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan uwansu mata, ta rasu a 1864 har yau ana karanta waƙoƙinta. Amma ki bayar da shi yadda kaka take bayarwa, da murya da kwaikwayo da waƙa, in kika karanto shi kamar darasin tarihi Elsa zata cinye ki. In da hali ki nemo mata 'yar tsana baƙa mai gashi irin nata ku riƙa yi mata kitso tare. Ki kai wa tela atamfa ko leshi ya ɗinka mata doguwar riga mai baza sosai irin wadda in ta juya zata tashi, domin wannan juyin shine rabin abinda take so, a nemo ɗan alkyabba ko mayafi mai ƙyalli a yafa mata, a sa mata kwalli, Abbanta ya shigo yace ranki ya daɗe gimbiya. Wallahi kalma ɗaya daga bakin uba a wannan shekarun tana zama a zuciyar 'ya mace har ta tsufa, ki roƙe shi ya riƙa faɗa.

Yabon ma a gyara shi. Kar kice mata ai baƙi ma kyau ne, wannan "ma" ɗin tana jinsa, yana nufin na biyu. Kice kalarki tana da kyau, irin ta wance ce da kike so, Allah ne ya zaɓa miki, kuma shi da kansa ya faɗa a suratu Rum cewa bambancin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinsa. Kuma kar yabon ya tsaya a kyau kaɗai, ranar da ta haddace sura, ranar da ta raba faɗan ƙannenta, ranar da ta faɗi gaskiya alhali ta san za a mata faɗa, a nan ma a kira ta gimbiya.

Tambayar man da ta miki tana nan tana jiran amsa, kar ki bari ta wuce kamar baki ji ba. Ki amsa mata a fili, a'a ba zan siya miki ba, domin yana ƙona fata yana sa ciwo, kuma ni bana son ki canza ko kaɗan. Ba sai kin mata bayanin sinadarai ba, wannan ya ishe ta yanzu, amma zata sake tambaya wata rana kuma ki sake bata amsar nan dai.

Rashin cin abincin ina kyautata zaton fushi ne da baƙin ciki kuma zai wuce da zarar an sasanta. Amma in kika ga an kwashe sati biyu ko uku tana ramewa, ko tana ƙin zuwa makaranta, ko ta daina wasa da yara, ko kin kama ta tana goge fatarta da wani abu, to ki je makarantar ki binciki ko akwai masu tsokanarta a aji, ki kuma kai ta asibiti a duba ta.

Kitson da kuka fara ranar nan ban sani ba ko an ƙarasa. In ba a ƙarasa ba ki zaunar da ita gobe, ki bari ita ta zaɓi wanda take so, shuku ko kalaba ko duk wanda ta nuna, a sa mata bid a jelar in tana so, ki miƙa mata madubi ta riƙe da kanta tana kallo kina yi. Ki rubuto min bayan sati biyu naji yadda kuka ƙare da Abban nata. Allah ya raya mana ita ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.